Hutun Iyali a Jirgin Ruwa: Yadda Ake Shirya Shi Daga Fasfo Har Ranar Sauka

Abin da ke jan iyaye zuwa hutu a jirgin ruwa shi ne sauƙi. Sau ɗaya za ka kwance akwati, ka yi mako guda kana kwana a gado ɗaya, amma kullum gari ya waye ka ɗaga labule sai ka ga wani gari daban. Abinci yana nan dare da rana, yara suna da wurin wasansu da masu kula da su, tsofaffi kuma sun huta da hawa da sauka daga mota. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai sauƙin nan a tudu ake sayensa, watanni kafin a ga ruwa. Jirgi yana da lokacin tashi kuma ba ya jiran kowa, abin da ka bari a baya kuwa ya baru, don ba za a juya da mutum dubu biyar saboda takardar ɗanka ba.

Fara da mutanen da za su tafi

Yawancin mutane da hotunan jirgi suke farawa. Ajiye hotunan tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda zai tafi da shekarunsa a ranar da jirgin zai tashi, ba shekarunsa na yau ba, domin da wannan ranar kamfanoni suke lissafi.

Mafi ƙanƙanta a cikinku shi ne zai yanke hukunci a kan abubuwa da yawa. Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da Disney ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, idan kuma tafiyar ta ƙetare Tekun Atlantika ce, sai ya cika wata 12. Mai juna biyu da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar ba za a bar ta ta hau ba, kuma ko cikin bai kai haka ba akan nemi takardar likita. Dalilin a fili yake: asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini.

Ga wani abin da kan ba iyaye mamaki bayan sun riga sun biya. Yaron da bai daina sa famfas ba, ba a barinsa ya shiga wurin ninkaya, ko da famfas ɗin na wanka ne. Wasu jiragen suna da ɗan filin feshin ruwa da aka keɓe wa irin waɗannan yara, wasu ba su da shi sam. Haka kuma ɗakin wasan yara na kyauta yawanci daga shekara 3 yake farawa, kuma sai yaro ya iya zuwa banɗaki da kansa. Carnival na karɓa daga shekara 2. Ƙasa da haka sai ɗakin reno, inda ake biya a kan kowace awa, shi ma ba kowane jirgi ke da shi ba. Idan ɗanka yana da shekara 2 da wata 9, a ganina ka jinkirta tafiyar da wata uku. Bambancin da hakan zai yi wa hutun uwarsa ba kaɗan ba ne.

Idan akwai tsoho mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, shi ma ka rubuta. Ɗakunan da aka gina domin masu keke kaɗan ne a kowane jirgi, kuma su ne ke fara ƙarewa.

Takardu, kafin ka biya ko kafin alƙalami

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don nan ne kuskure ke cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Wanda ya iso tasha ba tare da cikakkun takardu ba, hana shi shiga za a yi, kuma sharuɗɗan kamfanoni sun ce ba a mayar masa da ko sisi.

Fasfon kowa, har da na jariri, ya kasance yana da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Duba na yara da kyau, domin a ƙasashe da dama wa'adin fasfon yaro ya fi na babba gajarta, sai ka tarar naka yana da sauran shekaru nasa kuwa ya kusa mutuwa.

Biza kuma ta dogara ne da fasfon da kake riƙe da shi, amma ƙa'idar ɗaya ce ga kowa: ba ƙasar da za ka hau jirgi kaɗai za ka duba ba, kowace tashar da jirgin zai tsaya sai ka bincika. Kada ka ce ai mu ba za mu sauka a can ba. Ɗauki tafiyar Alaska da ke tashi daga Siyatul ta Amurka ta dawo Siyatul. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa dole jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa ya taɓa tashar ƙasar waje kafin ya dawo, shi ya sa jiragen ke yada zango na 'yan sa'o'i a Victoria ta Kanada. Idan fasfonka yana buƙatar bizar Kanada, to sai ka same ta, ko da barci za ka yi a ɗakinka har jirgin ya bar garin.

A Bahar Rum ma akwai irin wannan tarko. Tafiyar da ta tashi daga Basalona ta bi Marseille da Genoa ta dawo, duk a cikin yankin Schengen take, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda. Amma da zarar jirgin ya leƙa Turkiyya ko Tunisiya ko Kotor ta Montenegro, ka fita daga yankin ke nan, kuma komawa ciki yana buƙatar biza mai shiga da yawa. Mai bizar shiga ɗaya ya shiga uku. Ana iya neman bizar Schengen tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma tana tafiya da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Nemi tun da wuri, kuma idan za ka iya, ka zaɓi irin tikitin da ake mayar da kafin alƙalami idan an fasa, har sai bizar ta fito.

Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko uba kaɗai, ko kuma an ɗauko ɗan 'yar'uwa, a tafi da takardar amincewar iyayen da ba sa nan, mai hatimin lauya ko kotu, tare da takardar haihuwar yaron. Wannan ya fi zama dole idan sunan mahaifi a fasfon yaro ya bambanta da na wanda ke tare da shi. Sunan da ka rubuta wurin sayen tikiti kuma ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi.

Ina, kuma yaushe

Kowane teku da lokacinsa. Alaska daga Mayu zuwa Satumba ne. Bahar Rum ta fi cika daga Afrilu zuwa Oktoba, amma Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, kuma yawo da ƙananan yara a kangon tsofaffin birane da rana tsaka wahala ce zalla. Tekun Fasha, wato Dubai da Abu Dabi da Doha, lokacin sanyi ne, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Karibiyan ana zuwa duk shekara, sai dai lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Ba kasafai ake soke tafiya saboda ita ba. Kyaftin kan kauce mata ne ya sauya tashoshi. Don haka idan tsibiri guda ne ya ja ka, kada ka sayi tafiyar da ta faɗo a wannan lokaci.

Ku lura da yadda ranakun suka rabu. Tafiyar Bahar Rum kusan kullum tasha ce, a tashi da sassafe a dawo da yamma a gajiye. Ta Karibiyan takan haɗa da kwana biyu ko uku a tsakiyar teku, inda ba abin yi sai more jirgin. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 8, jirgin kansa shi ne hutun. Ba ruwansu da wanda ya gina hasumiyar Pisa. Idan karonku na farko ne a jirgin ruwa kuwa, dare 4 zuwa 7 ya isa. Amma a sani gajerun tafiye-tafiyen ƙarshen mako na dare 3 sukan cika da matasa masu shagali har asuba.

Wane jirgi

Jirgi za ka zaɓa, ba kamfani kawai ba, domin kamfani ɗaya na iya mallakar sabon jirgi mai wuraren sulun ruwa da kuma tsoho ɗan shekara 25 da ba shi da ko ɗaya. Icon of the Seas na Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365 kuma yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600. Irinsa ya dace da gidan da ke da 'yan shekara 10 zuwa 16 masu neman abin yi kowane minti. Amma girma yana da nasa haraji: doguwar tafiya daga ɗaki zuwa wurin cin abinci, jiran lif, da layi. Mai tafiya da kaka da ɗan goye zai fi jin daɗin matsakaicin jirgi.

Disney ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma babu gidan caca a jiragensa kuma yawancin ɗakunansa suna da bahon wanka, abin da ke da wuyar samu a sauran jirage inda shawa ce kawai. MSC da Costa sun fi ƙarfi a Turai kuma sukan fi sauƙin kuɗi, ana kuma yin sanarwa a cikinsu da harsuna da yawa. Akwai kamfanoni irin su Virgin Voyages da Viking da ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, sai a tsallake su.

Ɗaki

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai tagar da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai manyan ɗakuna masu falo. Ɗaki na talaka bai fi murabba'in mita 14 zuwa 18 ba. Idan an ce yana ɗaukar mutum huɗu, abin da ake nufi shi ne gado biyu a ƙasa, sai kujera da ake mayarwa gado ko gadon da ake saukowa da shi daga silin da dare. Da an shimfiɗa su, hanyar zuwa banɗaki sai a karkace. Sa'annan banɗaki ɗaya ne ga mutum huɗu da ke son fita a lokaci guda.

Saboda haka, kafin ka biya ɗaki ɗaya mai baranda, ka tambayi kuɗin ɗakuna biyu na ciki masu ƙofa a tsakani. Sau da yawa kuɗin kan zo kusa da juna, ga banɗaki biyu, ga ƙofar da za a rufe idan yara sun yi barci. A tabbatar ƙofar tana ciki. Ɗakuna maƙwabta daban, masu haɗe da ƙofa daban. Wurin rajista akan sa babba ɗaya a kowane ɗaki, saboda kamfanoni ba sa yarda a rubuta yara su kaɗai sai da sharuɗɗa. Iyali mai mutum biyar ko fiye su saya da wuri ƙwarai. Ko da akwai gadaje a ɗaki, adadin mutanen da za a ɗauka a kowane sashe na jirgi yana ɗaure da yawan kujerun jiragen ceto, kuma a lokacin hutun makarantu wannan adadi kan cika tun ɗakuna ba su ƙare ba.

Buɗe taswirar jirgin ka duba abin da ke saman ɗakin da abin da ke ƙasansa. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya, da asuba za ka ji ana jan kujeru a kanka. Wanda ke saman gidan rawa ko zauren wasanni, kiɗa ne har tsakar dare. Mafi kwanciyar hankali shi ne wanda ɗakuna ne a samansa, ɗakuna a ƙasansa. Mai saurin jin jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, don goshin jirgi da hawa na sama su suka fi lilo. Akwai farashi mai rahusa inda kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki daga baya. Ya yi wa mata da miji su biyu, amma iyalin da ke son zama kusa da juna su bar shi, don za a iya jefa ɗaya a hawa na 6 ɗaya a na 11.

Baranda fa da ƙananan yara? Dokar Amurka ta 2010 ta sa shingen jiragen da ke zuwa tashoshinta ya kai inci 42, wajen santimita 107, kuma ƙofar baranda tana da nauyi da makulli a sama. Haɗarin yana wurin kujera da tebur da yaro zai taka. Janye su daga jikin shingen, kuma kada yaro ya fita shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Kuɗin da aka tallata da kuɗin da za ka biya

Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. A cikinsa akwai kwana, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗebi-da-kanka, ruwan sha, shayi da kofi na gama-gari, wasannin dare, da ɗakin wasan yara. Sauran kuwa lissafi ne daban.

Na farko tukuicin ma'aikata. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja wajen dala 16 zuwa 20 a kowace rana, yara ma a ciki, sai dai wasu na yafe wa 'yan ƙanana sosai. Iyali mai mutum huɗu a tafiyar dare 7, idan an ɗauka a kan dala 18, dala 504 ke nan. Ana iya biyansa tun kafin tafiya, kuma haka ya fi. Ana iya rage shi a wasu jiragen, amma ban ba da wannan shawara ba: kaso ne mai yawa na abin da mai gyaran ɗakinku da mai kawo muku abinci suke samu.

Sai lemon kwalba, ruwan gora, kofi na musamman, gidajen abinci na musamman, intanet, hotuna, wanki, wasannin kwamfuta na yara, da yawon gari a kowace tasha. A kan abin sha akan ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na hidima. Idan ka ga tallan "yara kyauta", haraji da kuɗin tasha da tukuici suna nan daram. Sa'annan ka haɗa tikitin jirgin sama, otal na dare ɗaya, mota zuwa tasha, biza da inshora. Sai ka jera wannan jimillar ta jirage biyu ko uku kafin ka san wanne ne mai araha da gaske, don wani mai tsada a talla ya riga ya haɗa abin da mai arahar zai caje ka daga baya.

Akan biya kafin alƙalami a farko, ragowar kuma saura kwana 75 zuwa 120, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Rubuta wannan rana inda za ka gani, saboda idan ta wuce ana iya soke maka ɗaki, kuma daga ita ne tarar fasawa ke fara hawa har ta kai duka kuɗin. Daga Janairu zuwa Maris ne kamfanoni suka fi yin garaɓasa, amma mai buƙatar ɗakuna masu haɗe a lokacin hutun makaranta kada ya zauna jiran ragi.

Inshora kuma ba wurin tsimi ba ce. Ganin likitan jirgi da kuɗi ne, kuma ba kaɗan ba. Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, sauke mutum za su yi a tasha mafi kusa, daga nan asibiti da otal da tikitin komawa duk a wuyanka. Nemi inshorar da ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ta kuma ƙunshi ɗaukar marar lafiya na gaggawa da fasa tafiya.

Makonnin ƙarshe da haɗa kaya

Sauke manhajar kamfanin a waya, ka yi rajistar shiga da zarar an buɗe, don ka sami lokacin isowa tasha da wuri. A nan za ka kama wuraren wasanni da yawon gari da intanet, waɗanda yawanci sun fi sauƙi kafin a hau. Zaɓi lokacin abincin dare: zama na farko wajen ƙarfe 5:30 ko 6, na biyu wajen 8. Masu ƙananan yara na farko suke rububi, shi ya sa yake saurin cika. Duk wanda ke da abincin da jikinsa ba ya karɓa, ko yake buƙatar na halal ko marar nama, a sanar da kamfani makonni kafin tafiya, ba a bakin tebur ba. Gadon jariri ma tun yanzu ake roƙonsa.

Kada a tafi da dutsen guga, butar lantarki, kyandir, ko soket mai kariyar hawan wuta. Za a ƙwace su a tasha saboda gobara ce babbar abar tsoro a teku, wasu kamfanonin ma kowane irin soket mai baki da yawa sun hana. Famfas da madarar jariri da maganin zazzaɓin yara a ɗebo fiye da buƙata, don kantin jirgi ƙarami ne kuma a rufe yake idan jirgi yana tasha. Bangon ɗakin ƙarfe ne, saboda haka 'yan maratayai masu maganaɗisu suna da amfani wurin rataye jiƙaƙƙun kayan wanka da huluna. Keken tura jariri ya zama mai naɗewa, don ƙofar ɗaki siririya ce kuma ba a barin kaya a hanya. Maganin jiri kuwa a tambayi likita tun a gida wanda ya dace da shekarun kowane yaro. Wanda ake mannawa a bayan kunne ba na yara ba ne.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ku isa garin da za a hau jirgi ana gobe tashi. Jirgin sama ya makara da awa huɗu, ko akwati ya ɓata a hanya, duk ana iya gyarawa idan akwai dare ɗaya a tsakani.

Ranar shiga

A bakin tasha za a karɓi manyan akwatunanku, kuma ba lallai su iso ƙofar ɗaki ba sai yamma. Don haka ƙaramar jaka ta hannu ta ɗauki fasfo, magunguna, caja, famfas, kayan canji ɗaya da kayan ninkayar yara. Da rana ta farko wurin ninkaya kusan fayau yake, saboda kayan wankan kowa suna cikin akwati.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne ga kowa. A da doka ta ba da awa 24, amma bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu kuma waɗanda suka hau a ranar ba su riga sun yi atisayen ba, aka mayar da shi kafin tashi ko nan take bayan tashi. Yanzu a jirage da yawa bidiyo za ka kalla a waya, sa'annan ka je wurin taruwarku a duba katinka. Ku je da yaran, su ga wurin da idonsu. Alamar gaggawa ita ce ƙara gajera sau bakwai da doguwa ɗaya. Ƙananan yara akan ɗaura musu abin hannu mai lambar wurin taruwa. Kada a cire shi, domin idan abu ya faru suna ɗakin wasa, ma'aikata ne za su kawo muku su can. Tambayi mai gyaran ɗaki rigar ceto daidai jikin yaro.

A ranar nan ce kuma ake rajistar ɗakin wasan yara, a kuma bar iyaye su shiga su gani. Kai yaron a daren farko ko da na rabin awa ne, musamman matasa, don a daren ne ake ƙulla abota. Wanda ya zo a rana ta uku yakan tarar an riga an rabu rukuni-rukuni.

Katin ɗaki shi ne makulli, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi. Je wurin masu kula da baƙi ka rufe saye a katin yara ko ka sa masa iyaka, in ba haka ba ɗan shekara 9 zai gano cewa injin wasa yana aiki da taɓa kati kawai. Wayoyi kuma kowa ya sa a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, don layin da waya ke kamawa a teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuɗinsa kuma na fitar hankali ne.

Ku yi wa manyan yara dokoki tun daren farko: ba shiga ɗakin kowa, ba kawo kowa naku, ba hawa shinge, ga lokacin dawowa, ga wurin haɗuwa idan an rabu. Ba kowane jirgi ke da masu tsaron wurin ninkaya ba, inda suke ma ba su ɗauke wa iyaye sa ido ba. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin cin abinci ya zama farilla, domin ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa, wadda ke saurin yaɗuwa a jirage, man goge hannu ba ya kashe ta sosai.

Ranar tasha

Sunan garin da ke cikin talla ba kullum ne inda jirgi zai tsaya ba. "Roma" na nufin Civitavecchia, wajen kilomita 80 daga birnin, fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa. "Florence" yawanci Livorno ce ko La Spezia. A wurare irin su Santorini da Grand Cayman jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane, ga layi wurin tafiya ga layi wurin dawowa, abin da ke da wuya da keken jariri ko na guragu.

Yawon da ka saya daga kamfanin jirgi ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira, ko su ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wanda ka shirya da kanka babu wannan alkawari. Ga yadda nake raba su: wuri mai nisa, bi kamfani, gari ko bakin teku da ke kusa da tasha, tafi da kanka ka adana kuɗinka. Lokacin da ake so kowa ya dawo yawanci rabin awa ne kafin tashi, kai kuma ka sa wa kanka awa ɗaya kafin wannan. A kula, agogon jirgi wani lokaci yakan bambanta da na garin, waya kuma na garin take kamawa. Da na jirgi ake aiki. Ɗauki hoton lambar wakilin jirgi na tashar, tana cikin takardar shirin rana ko manhaja.

Kada ku cika kowace rana da yawo. Abu ɗaya ya isa, a dawo a ci abincin rana a jirgi, ƙanana su yi barci. Akwai ma tashar da ta cancanci a ƙi sauka gaba ɗaya: mutane sun watse cikin gari, sulun ruwan da jiya ake jira minti 40 yau ba layi.

Sauka

Ana saura kwana ɗaya ka duba lissafinka a manhaja layi-layi, ka gyara duk kuskure a ranar, don da safen sauka layin masu ƙorafi ba ya ƙarewa. Da dare za a ce ku fitar da akwatuna ƙofar ɗaki da lambobi masu launi. Kafin a rufe su, a ware kayan da kowa zai sa gobe har da takalma, da fasfo da magunguna. Ba sabon abu ba ne a ga mutum yana sauka da kayan barci saboda wandonsa ya riga shi fita. Jirgi kan iso da asuba, amma sai hukumomi sun ba da izini a fara fita, saboda haka kada ka sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin tsakar rana, idan filin jirgin yana da nisa ma ka ƙara. Akan so a bar ɗaki wajen ƙarfe 8 na safe. Buɗe akwatin ajiyar kuɗi ka sa hannu har ƙuryarsa, ka leƙa ƙarƙashin gadaje da bayan ƙofar banɗaki, katin ɗakin kowa kuma ya kasance a hannu, don sai an duba shi a ƙofa kafin a bar ku ku fita.